Tsaron Gidan Yaya Sale

Ina da shekara goma sha ɗaya aikin babanmu ya ƙare a Hasahisa, muka kwashe kayanmu muka koma ƙauyenmu na asali kusa da Sinnar, gidan mahaifiyarsa, Kaka Mairo. Na iso da Larabci cike da baki, Hausata kuwa duk a karye. In na kira ta Habboba, wato kaka da Larabci, sai ta kau da kai ta ce, "A wanga gida Kaka munka sani."

Kowace yamma, da an idar da magariba an ci tuwo, takan hura gawayi a bakin ɗakinta, ta ɗora kaskon gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Lokacin ɗari ne, kowa na tura ƙafa kusa da wuta. Daga nesa ana jin kwaɗi a tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, wadda ta raba ƙauyenmu gida biyu. A nan bakin wutar na gyara Hausata, don Kaka ba ta yin tatsuniya da Larabci ko da kalma ɗaya.

A shekarar nan ba abin da ke gaban yaran ƙauyen sai wani tebur. Ƙwallon ƙafa ne na tebur, muna ce masa bebifut: akwati mai ƙafa huɗu, sandunan ƙarfe takwas sun ratsa shi, an soke 'yan mutanen roba a jikinsu, ja da shuɗi. Wani direban lori ɗan garin ya kawo shi daga Damazin ya ba yara kyauta, bai ce na wace unguwa ba ne. Da faɗa ya yi yawa, dattawa suka yanke cewa bayan girbin dawa a kara, biyu da biyu. Unguwar da ta ci, teburin ya kwana a rumfarta har shekara ta zagayo.

Ɗan baffana, Yaya Sale, ya girme ni da shekara uku. Shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana goye, da sanda yake tafiya. Bai taɓa buga ƙwallo a fili ba, amma a kan teburin nan babu kamarsa a unguwar gabas. Yakan jingine sandarsa, ya tokare cinya da katako, hannuwansa su zama wasu abu daban. Damuwar ita ce, in teburin ya koma yamma, ya rabu da shi ke nan. Yara kan bututun ƙarfe guda ɗaya suke tsallake tur'a, gadar da amalanke ke bi kuma tafiyar sa'a ce ga mai ƙafa biyu.

Saura kwana uku a kara, abokin wasansa ya bi iyayensa girbin riɗi. Yaya Sale ya bi yaran unguwa ɗaya ɗaya, kowa ya zame, don ba mai son a ce shi ya kayar da gabas. Ni da ya zo kaina, ban gama fahimtar abin da ya ce ba na amsa da to.

Aikina tsaron gida. Hannun hagu na riƙe da sandar gola, na dama na riƙe da ta 'yan baya biyu. Da baki abu ne mai sauƙi. Amma da ƙwallo ta doso ni sai kaina ya ɗau zafi, in riƙa jan sandunan gaba da baya kamar mai dakan gero, ina juya su har su yi ƙugi. Inda na tafi, ƙwallo ta bi ɗaya gefen. Ranar Alhamis, a gwajin ƙarshe, ni da hannuna na zura uku a gidanmu. Yaya Sale bai yi mini faɗa ba. Sai ya tsaya yana shafa gefen teburin da tafin hannu, kamar mai sallama da dabbar da za a kai kasuwa. Da ma ya zage ni, da ya fi mini.

Da yammar nan na kasa cin komai. Kaka ta miƙo mini gyaɗa, na girgiza kai.

"Maigida," haka take tsokanata, "mi ya hana ka cin gujiya?"

Yaya Sale ya ce, "Gola ne, Kaka. Gobe shi zai tsare mana gida."

Kaka ba ta taɓa ganin teburin ba. Ta tambaye ni ƙofa nawa nake tsaro, na ce ɗaya. Ta ce da hannu nawa, na ce biyu. Ta jima tana juya gyaɗa da ɗan tsinke, sannan ta ce, "To, ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka amsa yadda muka saba, "Ta shigo ta zauna."

Wai wata mata ce mai 'yan awaki uku a wani ɗaki mai faɗin ƙofa, ba ƙyaure. Rijiya na da nisa, don haka kullum in za ta ɗebo ruwa sai ta bar 'ya'yanta biyu, wa da ƙane, su tsare ƙofar. Ranar farko kura ta zo. Ta jefa dutse ta hagu, ya yi kwaram a cikin kara. Yaran suka ruga can su biyu da sanduna suna ihu, ita kuwa ta shige ta dama ta ɗauke ɗan akuya ɗaya. Rana ta biyu yaran suka ce yau ba mai motsi. Tsoro ya sa ƙanen ya laɓe a bayan wansa, suka zama kamar mutum ɗaya a tsakiyar ƙofa, suka rufe ido. Kura ta bi ta gefensu a hankali, har jelarta na shafar ƙafarsu, ta ɗauke na biyu.

A nan Kaka ta dakata ta gyara wuta. Ni kuwa na ƙara matsowa kusa, don na san saura ɗaya.

"Rana ta ukku," ta ce, "uwar ba ta buge su ba. Ta kama babban ta tsai da shi gaba, ta kama ƙaramin ta tsai da shi baya, ɗan gefe kaɗan, inda wansa bai rufe ba. Ta ce, kar ku dubi idonta, kar ku saurari bakinta. Ƙafarta za ku duba. In ta matsa taki ɗaya, ku matsa taki ɗaya. Kar ku ƙara."

Kura ta zo ta jefa dutse, ba su bi ba. Ta yi kukan jariri, ta yi muryar uwarsu, ta yi rawa har ƙura ta tashi. Tsoro ya cika yaran, ƙaramin har ya jiƙa wandonsa, amma suna nan. Da ta hango uwar tafe da tulu, sai ta yi tsalle ta zura kai tsakaninsu, ta cafko wutsiyar ɗan akuyan, ta gudu da rabi.

"Shi ya sa har yau wutsiyar akuya guntuwa ce," in ji Kaka. "Ta tashi ta tafi, kowa ya karkaɗe zanensa."

Na ce, "Kaka, to yaushe suka daina jin tsoro?"

Ta dube ni. "Wa ya ce maka sun daina?"

Washegari bayan la'asar rumfar unguwarmu ta cika. Wanda ya fara kai goma shi ya ci. Ɗan gaban 'yan yamma wani dogon yaro ne, Bashir, mai buga ƙafa a ƙasa yana ihun "Hak!" kafin ya harba. Duk ihun da ya yi sai in zabura. Kafin in san inda nake an ci mu huɗu, mu ba ko ɗaya. Tafin hannuna ya jiƙe, sandar na zamewa. Wani daga baya ya ce a fitar da ɗan Hasahisa.

Yaya Sale bai waiwayo ba. A hankali ya ce, "Haruna, yi numfashi."

Na goge hannu a riga. Na ja gola ɗan gefen hagu, na tsayar da ɗan baya ɗaya inda golan bai rufe ba, na kafa ido a kan ƙwallon da ke ƙarƙashin ɗan robar Bashir. Ya buga ƙafa, ya yi ihu. Duk jikina ya ce in ja sanda, na ƙi. Ya harba, na ji ƙwas, ƙwallo ta koma. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Ba wai na iya ba ne daga nan. Ya ƙara cina sau biyar. Amma yanzu sai ya yi wahala kafin ya ci, Yaya Sale kuma ya samu sararin yin nasa. Muka kai tara da tara. Bashir ya danne ƙwallo yana kaɗa ta hagu da dama, ya ƙi harbawa. Rumfa ta yi tsit. Ya matsa kaɗan, na matsa kaɗan. Ya dawo, na dawo. Da ya saki, ta daki gefen golana, ta gangara a bakin raga kamar za ta faɗa, sannan ta tsaya a gaban ɗan bayana. Na tura ta a hankali ta jikin bango. Yaya Sale ya karɓa, ban ma ga hannunsa ba, sai ƙwallo a ragarsu.

Ana ta ihu ana ɗaga shi sama, ni na zagaya bayan rumfa na yi amai.

Da yamma Kaka ta ce, "Nawa kura ta ɗauka?" Na ce tara. Ta riƙe haɓa. "Tara! To, ai ta bar maka ɗaya." Ta cika mini hannu da gyaɗa.

Shekaru da yawa na ɗauka dabarar wasa ce ta koya mini. Sai bayan rasuwarta na gane, lokacin da 'yata ta fari ta kwanta da zazzaɓi a asibiti a Sinnar. Wannan ya ce in ɗauke ta zuwa asibitin Madani, wancan ya ce akwai mai magani a ƙauye kaza, waya ba ta daina ƙara ba. Na naɗe ta a zane zan fita da ita, babanmu ya riƙe hannuna ya zaunar da ni a benci.

Ya ce, "Mu uku Kakarka ta fara haifa. Zazzaɓi ya shigo mana damina ɗaya. Na farko ta goya shi ta bi ƙauye huɗu cikin ruwan sama, duk inda aka ce akwai magani, ya cika a bayanta. Na biyu ta kulle ɗaki da shi, ta ƙi kai shi ko'ina, shi ma ya cika. Da ya zo kaina, ta kai ni wurin likita ɗaya, ta zauna kwana tara ba ta tashi ba." Ya taɓa kunnensa na hagu. "Wannan kaɗai ya tafi. Tun ranar ba na ji da shi."

Ashe duk waccan yammar, tana juya gyaɗa muna dariyar yaron da ya jiƙa wando, 'ya'yanta take ƙirgawa. Ba ta taɓa yi mana alkawarin za mu tsare duka ba, kuma ba ta ce tsoro zai tafi ba. Abin da ta sani kawai ta ba mu: inda mutum zai tsaya, da yadda zai hana ƙafarsa bin kowace ƙara.

Na mayar da yarinyar kan gado, na kashe wayar, na jawo kujera. Na zauna na riƙe hannunta. A rana ta huɗu ta buɗe ido ta ce tana son shayi.