Shafin Da Aka Kashe Don Guga

Ta tagar ofishin tasha mai sayar da tikiti take kallon wata 'yar kasuwa. Doguwar mace ce, gyale a kafaɗa, buhun takalma tsakanin ƙafafunta. Ta jingina waya da gorar ruwa, ta juya haske ya daki fuskarta, tana ɗaga takalmi tana murmushi.

"Ku shiga shafinmu na intanet, 'yan uwa, kaya sun iso!"

Tana tsayar da bidiyon murmushin ya ɓace. Ta danna kira.

"Kai, don kana ƙanin mijina na yarda ka ɗora shafina a kwamfutarka ta gida! Na ce mu kai kamfani, ka ce asara ce. Bidiyon jiya ya bazu, mutane na ta dannawa, shafi a mace. Wai ka zare wa kwamfutar soket za ka yi guga? Guga, don Allah!"

Ta ja tsaki, ta goge ido, ta sake jingina wayar. Murmushin ya dawo daram.

Mai tikiti tana iya rantsuwa, rigar da ya goge ma ita ta saya masa.