Kwaɗon Ɗakin Citta

Kafin a san ni da fasa shaguna, ni ɗan mai sayen citta ne a Kafanchan, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Aikina in riƙe bakin buhu, yayana Garba ya zuba, mahaifinmu ya ɗinke. Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana suna makaranta. Amma ku matasa, ina so ku ji yadda aka yi.

Ina da shekara goma sha bakwai aka yi rikicin addini na 1987. Da rana tsaka Garba ya ja hannuna muka faɗa gidan Mama Kande, wata manomiya Kirista da muke sayen citta a wurinta. Ta tura ni ɗakin da take ajiye busasshiyar citta, shi kuma ya ce zai koma ya ɗauko innarmu. Ta ce mini, "Ka zauna shiru, ko wa ya kira ka, kar ka amsa." Ƙofa ta rufe.

Wajen la'asar na ji bugu sau uku, sai muryar Garba tana kiran sunana: "Buɗe, ni ne." Akwai takun mutane a bayansa. Na cusa kaina tsakanin buhuna, ban motsa ba, ban amsa ba. Washegari aka fito da ni, aka tsinci gawarsa a bayan gidan. Inna ta tsira a gidan wasu maƙwabta. Ni kuwa ban gaya wa kowa cewa ya zo ƙofar ba.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ƙanshin citta ma amai yake sa ni, na daina zuwa shagonmu. Aka yi mini rubutu na sha, aka ce in yi haƙuri. Sai na koma zama da samarin tashar jirgin ƙasa, suka koya mini wiwi da ƙwaya. Wani a cikinsu ya nuna mini yadda ake buɗe kwaɗo da wayar keke. Ranar da na farko ya buɗe a hannuna, na ji wani sanyi a ƙirji da ƙwaya ba ta taɓa ba ni ba.

Da farko buɗewa kawai nake yi in wuce. Daga baya na ɗauki gwangwanin madara, sannan atamfa, sannan buhu. Na zama gwani. Kachia, Kwoi, Samaru Kataf, duk na bi su, musamman ranar Lahadi da safe in gari ya tafi coci. Kuma duk ƙofar da na buɗe sai na wangale ta, na tokare da dutse kafin in tafi. Abokan sata suna yi mini tsiya, wai ni kaɗai ne ɓarawon da ke shigar wa mai shago da iska.

A Kwoi aka kama ni, bayan na fasa ɗakin ajiyar wata gwauruwa. Buhun citta biyu na ɗauka, ina toshe da hanci, amma ruwan sama ya shiga ta ƙofar da na bari a buɗe ya ruɓar da sauran noman shekararta. A kotu ta dube ni ta ce, "Wanda ka ɗauka, na ce ko yunwa ne. To me ya sa ka bar ƙofa a buɗe?" Alƙali ya ce raini ne, ya ba ni shekara uku. Har yau kunyar matar nan nake ji.

A gidan yari, wanda ba zan faɗi garinsa ba, da la'asar ake kulle fursunoni. Ganduroba yakan buga ƙofa da kulki sau uku kafin ya ƙirga mu. Duk ranar duniya, yana bugawa sai in tashi ina ihu, ina haɗa kaina da ƙofa. Suka ce taurin kai ne, suka doke ni. Suka kai ni ɗakin horo, abin ya ƙaru. A ƙarshe suka sa mini mari a ƙafa, aka fara maganar mayar da ni ɓangaren mahaukata, inda mutum ba ya sanin ranar fitarsa.

Raunin goshina ne ya kai ni wurin Sista Rifkatu, nas ɗin gidan, wadda ta taɓa aiki a asibitin masu taɓin hankali. Ta lura ina ta kallon ƙofa, sai ta tashi ta buɗe ta. Ba ta taɓa ni sai ta nemi izini. Mako uku tana wanke mini ciwo ba ta matsa mini ba. Rannan ta ce, "Yarona, kowa ya san abin da ka yi. Ni ina so in ji abin da ya same ka." Na faɗa mata duka, har na ce ni na kashe Garba, don na ƙi buɗe masa.

Sai ta ce, "Wannan ɗakin citta, sakata ne a ciki ko kwaɗo a waje?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na tsaya ina tunani. Ba wanda ke sa wa ɗakin ajiya sakata ta ciki. Na tuna ƙarar kwaɗon da Mama Kande ta datse.

"Kai da ka san aikin kwaɗo," in ji ta, "ka taɓa buɗe guda ɗaya daga ciki?"

Na yi kukan da ban yi ba a jana'izar Garba. Ba ta ce ban yi sata ba, ta ce hukuncin alƙali yana nan sai na gama shi. Amma ta je wurin babban jami'i, aka cire mini mari, aka fasa mayar da ni, aka daina buga ƙofarmu da kulki. Sunaye aka koma kira.

Da na fito, gidan Mama Kande na fara zuwa. Ta tsufa sosai. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini makulli ta ce, "Ni ne na kulle, na gudu daji da shi. Da na tsaya, da yaron nan ya shiga." Ashe ita ma abin da take kwana da shi ke nan. Na gaya wa Inna gaskiya, ta rungume ni. Na je Kwoi na nemi gafarar gwauruwar nan, na yi mata noman damina ɗaya. Yanzu gyaran kwaɗo nake yi a kasuwa.

Ku matasa, abin da ya same ni bai halatta mini kayan kowa ba, na tuba. In akwai abin da ke hana ku barci, ku nemi wanda zai saurara ku faɗa masa, kada ku kai shi wurin ƙwaya. In kuma wata rana kun zama alƙalai ko gandurobobi, ku yi tambaya kafin ku ɗaga kulki.

Na yarda ba zan iya buɗe ƙofar nan ba. Amma da na iya amsawa, ko don ya san ina ciki da raina. Shi ya sa har yau, ko wa ya buga ƙofata, tun kafin in miƙe nake cewa na'am da ƙarfi. Matata ta daina tambayata dalili.