Itacen Jegon Inna Kulu

A gidanmu na Haɗeja akwai wani tarin itace a bayan rumbu wanda ko kaza ba a bari ta hau. Baffa Habu, ƙanin mahaifina, shi ya tara shi. In cikin mace ya yi ƙwari, mijinta kan fara tanadin itacen da za a dafa mata ruwan wankan jego, kuma da yake matarsa Inna Kulu ta yi ɓari sau biyu, Baffa ya riƙe wannan ciki na uku kamar jarrabawar ƙarshe. Itacen marke da na giyayya ya riƙa ɗaukowa a kwalekwale daga wajen Auyo, yana jera su kamar littattafai a kanta.

Wata tara ya cika, shekara ta zagayo, Inna Kulu ba ta haihu ba. Cikin bai ƙaru sosai ba, bai kuma tafi ba. Unguwarzoma ta shafa ta ce ya kwanta, yaron barci yake yi, zai tashi ranar da Allah ya so. Lokacin da nake aji shida, yana shekararsa ta biyar da barci. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta dubi itacen, ta dubi Inna Kulu, sannan ta ce Allah ya raba lafiya.

Kakarmu, mahaifiyar su Baffa, Iya muke ce mata. Da an ci tuwo bayan magariba takan sa a hura wutar kara a tsakar gida saboda sauron fadama, wanda ba ya zuwa ziyara sai da danginsa duka. Mu jikoki mu kewaye ta. Inna Kulu tana can gefe tana tsintar shinkafa a faifai, don matar ɗa ba ta zama tabarma ɗaya da uwar miji. Tsakaninsu magana ba ta wuce gaisuwa.

"Ga wata ta taso daga bakin kogi," in ji Iya wata rana, don haka take buɗe tatsuniya.

"Ta ƙaraso, akwai tabarma," muka amsa.

Wai wani masunci ne matarsa ta yi ciki, ya tara itace har ya tsere wa katanga. Ɗan cikin ya leƙo ta cibiya ya ga tarin, ya ce, "Duk wannan ruwan zafin uwata za a watsa wa saboda ni? Ban fitowa." Ya juya ya kwanta. Masunci ya nemi magani gabas da yamma, a banza. Ran nan yana haƙa a busasshen taɓo sai ya tono gaiwa, kifin nan da ke kwana a ƙasa duk rani har ruwa ya dawo. Gaiwa ta ce, "Kar ka ci ni, in gaya maka wani abu. Barci sana'ata ce. Ɗanka tsoron itacen nan yake ji. Ka ƙona shi ɗaiɗai, ranar da ya ƙare zai fito." Ya yi hakan. Da guntun ƙarshe ya zama toka, yaro ya faɗo da haƙoransa, yana tambayar ina tuwo.

"Nan ta koma ruwa," in ji Iya, ta karkaɗe zani.

Ni kuwa ilmi yana cina. Na ce, "Iya, malaminmu ya ce ciki wata tara ne, ba ya barci."

"Angona, shi malamin naku sau nawa ya haihu?"

Yara suka fashe da dariya. Abin da na ji ni shi ne faifan Inna Kulu ya yi shiru. Na sha ba da amsa daidai a rayuwata, amma wannan ce kaɗai nake jin kunyarta har yau.

Kwana uku a jere Iya tana maimaita tatsuniyar nan, da murya sama da yadda ta saba, saboda Baffa yana bakin zaure yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. A na huɗu ya tashi ya zagaya bayan rumbu, ya dawo da guntun marke ya ɗora a wuta.

"Iya, karan nan ba ya korar sauro," ya ce, bai dubi kowa ba.

Haka tarin ya riƙa raguwa, guda ɗaya kowace yamma, har aka fara ganin gindin katanga. Baƙi suka rasa abin kallo. Ranar da saura guda, Baffa ya kawo ya ajiye kusa da wuta. Sai Inna Kulu ta ajiye faifai, ta matso ta durƙusa a bakin tabarmar Iya, abin da ban taɓa gani ba in ba gaisuwar safe ba.

"Iya, a bar mini wannan."

Iya ta daɗe tana dubanta. "Ɗauki, 'yar nan. Dama ɗanye ne, hayaƙi zai yi mana."

Itacen da ya shekara biyar yana shan rana. Daga ranar Iya ba ta ƙara tono gaiwa ba.

Ina kwaleji aka kai Inna Kulu asibiti, hoto ya nuna ƙari ne a mahaifa, babu yaron da ya taɓa kwana a wurin. Ta rasu cikin sanyi. Mata suka sami guntun marken a ƙarƙashin gadonta, naɗe da majanyi. Iya, wadda a lokacin sai an riƙe ta take tashi, ta ce a ɗumama ruwan wankan gawar da shi.

Na daɗe ina ɗaukan abin da Iya ta yi a matsayin ƙaryar tausayi. Sai daga baya na gane aiki ta yi: ta kwashe wa matar ɗanta abin da ke nuna ta da yatsa, ba tare da an ce wa kowa ya fid da rai ba. Kuskurenta ɗaya, ta sa wa labarin ranar ƙarewa. Inna Kulu ce ta hango ranar tun daga nesa, ta hana ta zuwa.

Yanzu ilmin halittu nake koyarwa a sakandare. Ina zana mahaifa a allo da alli kala uku, in rubuta wata tara in ja layi a ƙarƙashi. Shekarata goma sha ɗaya da aure ba haihuwa, kuma likitoci sun yi mana bayani filla-filla, har da ɓangaren da ya fi shafata, wanda na fahimta fiye da yadda nake so. A saman sif ɗinmu akwai bahon wankan jariri da matata Hadiza ta saya a shekararmu ta farko. Makon jiya ƙanwarta ta haihu a Malam Madori. Hadiza ta tsaya tana duban saman sif, ta ce, "Malam, ko a sauke shi a kai mata?"

Bahon ko ruwa bai taɓa gani ba. Na ce, "Bar shi, ai ya tsage. Ma sayo mata sabo."