Fanteka Mai Jan Fure

A shekarun da gyaɗa ke da daraja aka yi mini aure, aka ɗauke ni daga gidanmu na Toranke zuwa Gafasa. Mijina mutumin kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. Abin da ya tsaya mini a wuya tun daga bikin nan kwanuka ne.

A wancan lokacin, washegarin kai amarya mata kan cika gida don ganin ɗaki. Kowa ya san ba amaryar ake zuwa gani ba, jere ake zuwa gani, wato kwanukan da uwa ta tara wa 'yarta, a ɗora su kan juna a jikin bango har su kusa taɓa rufi. Ba a ci a cikinsu, ba a sha. Sai dai a sauke su, a goge, a mayar. Iyayenmu da ƙorai da tasoshi aka yi musu nasu. Da kuɗin gyaɗa ya shigo, 'yan koli suka fara baza langa da fanteka masu fure a kasuwar Ajingi, mata kuwa suka haukace. Na san wadda ta sayar da tunkiya mai ciki saboda langa huɗu.

Ni ma na haukace, ba zan yi ƙarya ba. Na yi wa Inna kuka har da majina a kan ta saya mini. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke, kwano yana haihuwa ne?" Abin da ta ba ni akuya biyu ne, da geron gayaunarta na shekara biyu, ta kuma sa mijina ya gina mini ɗan rumbu nawa na kaina a bayan ɗaki. Jere kuwa, ƙorai goma sha biyu ne da ta yi wata uku tana kankarewa tana kai wa mai zane, sai tasoshi biyu na mahaifiyarta, da langa ƙwaya ɗaya tak.

Gwaggo yayar Baba ce. A cikin Gaya take aure, mijinta yana awon gyaɗa a sikeli, ɗakinta kuwa har daga ƙauyuka ake zuwa kallo. A can ƙololuwar jerenta akwai wata fanteka fara mai murfi, da jan fure kewaye da ita. Ina ƙarama nakan tsaya a ƙofar ɗakin in yi ta kallonta har wuyana ya gaji.

Ranar ganin ɗakina Gwaggo ta shigo da tawagarta. Ina zaune a lulluɓe, Inna kuma ta zo da sassafe ta raɓe a bakin ƙofa, don ba ta da ƙanwar da za ta tsaya mata. Gwaggo ta dubi bangon daga sama har ƙasa. Ta miƙa yatsa ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da ke sama, ƙwas ƙwas, ta ce:

"Ikon Allah! Jama'a, ɗakin amarya muka shigo ko rumfar mai fura?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, wata har da buɗa. Gwaggo ta juya ga Inna ta ce, "Matar ƙanena, da kin yi magana ai da na ara miki na kwana bakwai, ki rufa wa yarinya asiri."

Ta ƙasan mayafi ina hango ƙafafun Inna, na ga babban yatsanta yana tonon ƙasa. Daga wannan rana, sunan Inna a bukukuwa ya koma mai fura. Shekara uku ta daina zuwa biki, matar da a da ita ake kira ta tuƙa tuwon taro. Na ji haushin Inna na sati guda. Gwaggo kuwa na tsane ta, na kuma riƙe abin a raina, kullum na shiga ɗakina na ga ƙoran nan sai ya dawo mini sabo.

Akuyoyina suka yi ta haihuwa. Na bi tsarin Inna, duk kaka in sayar da 'yan bunsuraye in auno hatsi in zuba a rumbu. Mata suka ce na gaji rowa. Na ce na gode.

Sai fari ya zo. Ruwa ya ɗauke gero na ɗan ƙarami, ya ƙone a tsaye. Gyaɗa ta lalace, masu sikeli suka zauna babu abin aunawa. A kasuwar Ajingi na ga abin da ban taɓa zato ba, mata sun turo jerensu an baza a ƙasa layi guda, babu mai ko tayawa. Kowa wurin masu awon hatsi ya nufa.

Wata ranar Laraba da hantsi na ji sallama. Gwaggo ce, a ƙafa, ita da jikarta. Ta faɗa, zanen ma ya yi mata yawa. Ta fara zuwa wurin Baba, shi kuwa bakuna sun fi goma a kansa, ya ce ta gwada wurina. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura, na zaɓo ƙwaryar nan da ta ƙwanƙwasa na zuba mata a ciki. Ta shanye tas, ta ba yarinyar ta suɗe.

"'Yar nan," ta ce, "kwana uku ke nan rama muke dafawa."

"Allah Sarki, Gwaggo. Ina jere?"

"Wa zai saya?"

"Ni zan saya. Fantekar sama, mai jan fure."

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce in ɗauki langa goma in bar mata wannan, da ita aka san ta. Na ce ni ba na sha'awar langa.

Kada a ce na hana ta. Jinin Baba ce, ga yara a gida. Na sa mijina ya ɗora mata buhu guda a jaki, abin da ko fanteka biyar ba za su saya ba a lokacin, ya kai ta har Gaya. Da yamma ya dawo da fantekar a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Wai me za ki yi da ita?" Na ce ajiya.

Da na kwance tsumman na daɗe ina shafa ta. Sanyi gare ta, ga santsi, babu ko ƙwarzane. Zuciyata ta ce in ɗora ta a kan ƙoraina in huta, ai abin da nake mafarki ke nan tun ina yarinya. Na tura ta ƙarƙashin gado. Ta yi shekara guda da wata biyar a can.

Ruwa ya dawo, aka samu abin da aka samu, na haifi ɗana na biyu. Na aika Toranke na ce idan Inna ba ta zo suna ba, ba za a ɗora tukunya ba. Na aika Gaya da goro na musamman. Na bi duk matan da suka yi dariya a ɗakina ɗaya bayan ɗaya na gayyace su, har mai buɗar.

Ranar suna bayan azahar tsakar gida ta cika. Gwaggo ta ɗan murmure, tana zaune a tsakiya tana ba da labarin wani sabon yayin kwano da ya fito a Kano. Na tashi, jego ko ba jego ba, na shiga ɗaki na jawo fantekar. Na ratsa ta tsakiyar mata da ita a kaina, a hankali, don kowa ta gane ta. Na ji ana cewa, "Kai, ba ta Gwaggo ba ce?" Na wuce turke, na dire ta a gaban akuyoyi, na buɗe murfin. Dusa ce a ciki da ruwan tsari.

Akuyoyi suka rufa mata. Uwar garken, ɗaya daga cikin biyun da Inna ta ba ni, ta sa ƙafa a ciki, fantekar ta karkata ta bugi dutse, fentin ya ɓantare a kan furen. Na duƙa na ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, na ce:

"Gwaggo, ashe tana da amfani. Shekara ashirin ba a gwada ba."

Babu wadda ta yi dariya da farko. Sai mai buɗar nan ta fashe, sauran suka bi. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Wallahi daɗi na ji, har cikin ƙashina, kuma har yau da na tsufa ban nemi yafiyar wannan ba.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, Inna. Mace ce mai kawaici, ba ta son a tozarta kowa. Na ga ta miƙe daga bakin murhu ta nufo turke, na ce yau zan sha faɗa a gaban jama'a. Ta zo ta tsaya a kan fantekar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ke, wannan dusar ai ba za ta ishe su ba." Ta je ta ɗebo wata a ƙwarya, ta juye a ciki, ta koma kan tuwonta.