Ranar da aka zo gaisuwar mutuwar Baba yana tsaye

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu kamar ni a duk Nasarawan Doya, na taɓa kashe mahaifina a cikin waƙa. Ba na son ba da labarin nan, don ko yanzu in na tuna sai in ji jikina ya mutu.

A lokacin rap ɗin 'yan daban Amurka ya shiga kanmu, ni da wani abokina da ya yi sakandare a Kaduna. Ba ma jin rabin abin da suke faɗa, amma mun gane inda zancen ya dosa: ka taso a titi, ka sha wuya, an harbe ka ba ka mutu ba, yanzu ga sarƙar zinare ga motoci. Wando a ƙasan ƙugu, hula a juye, haka nake zuwa wurin aiki. Aikin kuwa na mahaifina ne, mazarƙwaila yake dafawa. Ni ke tura rake a injin matsewa, ina yi ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Akwai wani ɗan situdiyo a Makarfi, bayan wani shagon aski. Na rubuta baitocina na nuna wa abokina kafin mu je. Ya karanta ya yamutsa fuska.

"Wannan ai waƙar 'yan firamare ce. Ina wahalar? Wa zai saurari wanda ubansa ke da rai, yana cin tuwo safe da dare?"

"To ya zan yi? Haka na taso."

"Kai dai ƙauyanci ya yi maka yawa. Su ɗin ce maka aka yi duk gaskiya suke faɗa?"

Sai na sake rubutu. Na ce da yunwa na taso, kwana nake ban sa komai a ciki ba. Na ce ga shi mun rufe ubana, yanzu titi ne gatana. A baiti na biyu kuma na yi arziki, har da motoci uku, ni da ko keke sai na ara. Na ambaci garinmu da sunan da ake kirana da shi a gida, don kada wani ya kwashe mini suna.

Aka ɗauki waƙar a situdiyon. Wani mai cajin waya a kasuwar Makarfi ya fara tura wa mutane ita a memori. 'Yan acaɓa suka ɗauka, ta kai Kudan, ta kai Ikara. Wallahi a makonnin nan ko tafiyata ta canza.

Wata rana da hantsi muna wurin dahuwa, bayan gida, sai muka ji salati da kuka daga cikin gida. Na riga Baba shiga. Gwaggona ce, ƙanwarsa da ke aure a Furana, ga ƙullin geron sadaka a kanta. A wayar wani ɗan acaɓa ta ji waƙar, ta gane muryata. Ta kira wayar Baba, a kashe, don shi sai ranar kasuwa yake kai ta caji.

"Yaya ya tafi, ba wanda ya aiko mini? Ni bare ce a gidan nan?"

Mahaifiyata ta tsaya riƙe da muciya. Sai ga Baba ya shigo, jikinsa duk hayaƙi, yana tambayar wa ya rasu. Gwaggo ta kalle shi, ta zauna daɓas a ƙasa, geron ya zube.

Da aka gane inda zancen ya fito, ta yi kaina.

"Ɗan banza! Tun daga Furana nake kuka a bayan babur! Ina motocin, ka mayar da ni gida a ɗaya?"

Matan gida suka yi ta dariya. Ni ma na so in yi, sai na ga Baba bai yi ba. Ya ce in same shi a zaure da wayata. Ya sa na kunna, ya saurara har ƙarshe, ya ce in maimaita.

"Mutuwa kam tana tafe, gaggawa kawai ka yi," in ji shi. "Motoci, Allah ya ba ka. Amma yunwar nan, yaushe ne?"

"Baba, salon waƙar ne haka. Kowa haka yake faɗa."

"Salo," ya ce. Ya tashi ya koma wurin tukunya don kada ruwan raken ya ƙone.

Da ya zage ni ko ya mare ni, da tuni an wuce wurin. Bai yi ba. Bayan kamar mako guda muna saran rake a fadama, mun zauna hutawa da rana, sai ya yi magana bai kalle ni ba.

"Na yi ta tunani. Shekarar da ruwa ya cinye mana fadama ce, ko? Kana ɗan shekara biyar ko shida. Akwai kwanakin da ba a ɗora tuwo ba, kunu aka sha. Na ɗauka ba ka yi wayon riƙewa ba. Ka yafe mini."

Na rantse masa da Allah ƙarya na shirya, ban san ma an yi wata shekarar ruwa ba. Ya ce ya ji, in tashi mu ƙarasa kafin la'asar. A fuskarsa na ga bai yarda ba. A wurinsa ɗa ba ya tsayawa gaban duniya ya ce ubansa ya bar shi da yunwa sai in akwai abin da ya gani.

Da na tambayi mahaifiyata, ta ce mu yara ba mu taɓa kwana haka ba a shekarar. Baba ne yake cewa ya ci a waje, a ƙara mana nasa.

Na bi masu tura waƙoƙi ina roƙo su goge. Wasu suka goge, wasu suka ce ai ita ake nema. Na gaji na bari. Rap ɗin ma na bar shi, ba don na ga laifinsa ba. Wataƙila waɗancan na Amurka sun sha wuyar da suke faɗa. Ni aro na yi, kuma da na aro ban ɗauka da kaina ba, a kan dattijon nan na sauke ta.

Yanzu a Zariya nake aiki, Baba kuma ya tsufa, ya bar wa ƙannena dahuwa. Duk sanda na je gida, kafin mu gama gaisawa zai ɗaga murya ya ce a kawo mini abinci nan gabansa. Ba ya ci tare da ni. Zama yake yi yana kallo har sai kwanon ya ƙare. Na yi bayani har na gaji, na daina. Ko na ƙoshi a hanya, wanke hannu nake yi in cinye.