Mutumin da Ba Ya Awon Fili da Rani

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai Yaya Sule makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Habu, sana'ata buga bulon siminti a nan Haɗeja. Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta wa jarida komai ba, domin hannuna ya fi sabawa da shebur a kan biro. Amma abin da ke cina a rai kwanakin nan ya fi ƙarfin hirar majalisa, kuma in na ci gaba da haɗiye shi zai yi mini illa.

Yaya safiyo ne, mai awon filaye, ya kusa shekara talatin yana wannan aiki. Siriri ne marar hayaniya, kullum da takalmin roba mai tsawo ɗaure a bayan babur ɗinsa. Hali ɗaya ya sa gari ya san shi: ba ya yanka fuloti, ba ya sa hannu a takardar kowa, sai ya ga wurin da idonsa a tsakiyar damina. Ka je masa a watan zafi da gaggawarka, zai saurare ka tsaf, ya rubuta sunanka a littafinsa, sannan ya ɗago ya ce, "To, sai damina." Har abin ya zame masa suna. Masu jin haushinsa suka riƙa kiransa Malam Sai-Damina, shi kuwa ko a jikinsa, amsawa ma yake yi.

In ruwa ya sauka sosai, lokacin da kowa ke neman mafaka, shi lokacin yake fita. Yakan bi ruwa a ƙafa ya ga ta inda yake wucewa da inda yake kwanciya. Yakan duba gindin goruba ya nemi zanen laka da ambaliyar baya ta bari. Yana tambayar masunta, yana tambayar makiyaya, yana tambayar tsofaffin mata masu wanki a bakin ruwa. Har Kirikasamma yake zuwa wurin wani dattijon masunci don ya ji yadda kogi ya sauya hanya tun kafin a haife mu. Bayan ya gama sai ya dawo ya kafa turakun siminti, ya shafa musu jan fenti a ka. Kowa ya san ma'anar jan turke: nan hanyar ruwa ce, a noma shinkafa, a yi kiwo, amma kada a haƙa harsashi.

Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce garin nan kamar gindin kwano yake, ruwan ƙasashen da ke sama da mu duk nan yake gangarowa. Ya ce kududdufan da muke toshe hanci in mun wuce su, ba ƙazanta ba ce kawai. Iyayenmu sun haƙi ƙasa sun gina ɗakuna, ramin ya zama masaukin ruwa, wannan yana zuba a wancan har a kai fadama. Ya zana taswira babba, ya nuna inda gari zai faɗaɗa ta tudu nan da shekaru masu yawa, inda za a bar wa lambatu hanya, da kududdufan da ba za a taɓa ba.

Ni kuwa ban ga hikima a ciki ba. Duk fulotin da ya hana, bulona ne ya hana fita. Na sha yi masa tsiya a gaban mutane.

"Haba Yaya," nakan ce, "gari yana cika, yara suna aure, a kan bishiya kake so su kwana?"

"Ban hana gari girma ba, Habu," yake cewa. "Ya girma ta inda zai kwana lafiya."

Ba shi kaɗai ke da gari ba, don haka masu gaggawa suka koyi zagaye shi. Mai gona ya sayar, a kira shaidu biyu, a rubuta takarda a ƙarƙashin inuwa, washegari tifa ta sauke yashi. Duk wannan da rani ake yin sa, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi kyan gani, ko'ina ka taka tudu ne.

Sau da yawa ina tambayar kaina, da zai tashi yau ya zaga gari, me zai ce? Zai tarar kududdufin bayan unguwarmu an cike shi da shara, an bi da jar ƙasa, shaguna sun jeru a kai. Zai ga kwalta ta fi dokin ƙofar gidaje tsawo, kwalbatin da ke ƙarƙashinta cike da leda. In ya leƙa bakin kogi zai ga ciyawar kacalla ta shaƙe hanyoyin ruwa, inda kwalekwale ke wucewa da, yanzu sai an sare da adda. Zai ga jingar da ta tsaya tsakaninmu da kogi, wadda kowace shekara muke yi wa faci da buhunan ƙasa muna addu'a. Na san halinsa, ba zai yi faɗa ba. Neman turakunsa kawai zai shiga yi. Wasu an ɗaure musu akuya, ɗaya na gan shi kwance a teburin mai shayi ana ɗora ƙafa a kai, da yawa kuma babu ko alamarsu.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Ɗaya daga cikin turakun nan, ni na tumɓuke shi da hannuna.

Mahaifinmu ya bar mana gona a bakin fadama. Yaya bai ɗaga wa gonar ubansa ƙafa ba, ya kafa jan turke a gangarenta kamar yadda ya kafa a ta kowa. Shekara huɗu da rasuwarsa, babban ɗansa Nasiru, malamin firamare, ya tashi aure ba shi da muhalli. Gangaren nan shi ne rabonsa na gado. Ya zo wurina, tunda ni ne a matsayin uba. Na kai shi wurin ana tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe har ta tsattsage, ga gidajen mutane sun riga sun tashi hagu da dama. Na buga diddigena a ƙasa na ce, "Ka ji ko? Kamar dutse."

Nasiru ya tsaya yana kallon turken. Ya ce, "Baffa, wannan fa Baba ne ya kafa shi."

Wallahi ina jin kunyar abin da na amsa masa. Na ce, "Babanka mutumin kirki ne, amma tsoro ya yi masa yawa. Ruwa ya daina zuwa nan tuntuni." Na karɓi diga a hannun leburana, na haƙe turken, na jefar da shi gefe. Ni na ba da bulo, ni na tsaya a kan harsashi. Na sa aka ƙara jeri biyu a ƙasa don gidan ya ɗan ɗaga, ina jin kaina gwani. Mahaifiyar Nasiru, Yaya Hajara, ba mai yawan magana ba ce. Da labari ya kai mata, abu ɗaya ta ce mini: "Habu, da ka bari an ga damina." Na yi dariya, na ce zama da Yaya ya shafe ta.

Shekarun farko lafiya lau. Aka kawo amarya Hauwa, aka yi suna sau uku a tsakar gidan, mutane suna sa mini albarka, wai na riƙe maraya da kyau. Ni ma na yarda. Sai alamu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Danshi ya riƙa hawa bango yana barin farin gishiri, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ruwan rijiyar gidan ya taso har ana ɗiba ba guga. Masai ya cika tun damina ba ta yi nisa ba. Bara kuwa ruwa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa fiye da mako, Nasiru yana ɗaukar yara a kafaɗa yana kai su bakin titi su tafi makaranta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ruwan nan ba na kogi ba ne. Ruwan cikin gari ne ya gangaro ya rasa masauki. Kogi bai ma waiwaye mu ba tukuna.

Bayan ruwan ya janye na je wurin Yaya Hajara na roƙi ta ba ni taswirar mijinta. Ta ciro ta daga akwatin ƙarfe, ba ta tambaye ni dalili ba. Na shimfiɗa a ƙasa na danne gefenta da takalmana. Akwai wani layi da ya ja da shuɗin fensir, ya taso daga kogi ya lanƙwasa ta ƙasan gonarmu. Na bi shi da yatsa, na auna da idon magini, ya ratsa daidai ɗakin da yaran Nasiru suke kwana. A gefe ya rubuta da ƙaramin rubutunsa cewa wannan tsohon hannun kogi ne, kuma dattijon Kirikasamma ya ce sau biyu a rayuwarsa ya ga kogi ya koma ta nan. Na naɗe taswirar na mayar mata.

Bana ruwa ya sauka da wuri kuma bai yi sanya ba. Masuntan da ke kawo kifi kasuwa suna cewa kogi ya cika tun kafin lokacinsa, ya rasa hanyar gaba saboda kacalla, yana dawowa baya. Waɗanda ke gadin jinga sun ce akwai inda ta fara tsatsa ta ƙasa. Gidana yana cikin tsohon gari, a kan tudu. Na kwashe buhunan siminti daga ɗakuna biyu, na share, na shimfiɗa tabarmi. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na wuce gidan Nasiru, na ce ya kwaso iyalinsa su zauna wurina har ruwa ya ɗauke. Na gaya masa komai, har layin shuɗin fensir.

Ya saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Baffa, ai kai ka tsaya a kan harsashin nan. Tun da Baba ya rasu ban taɓa tsallake maganarka ba. Yanzu wace zan bi, ta da ko ta yau?" Ya ce in ya bar gidan, kafin mako ɓarayi sun cire ƙofofi da tagogi. Ya ce maƙwabtansa duk suna nan, ba wanda ya motsa, shi ba zai zama na farkon gudu ba. Na yi masa sallama na koma gida. Ni na koya masa cewa taka-tsantsan irin na ubansa tsoro ne, kuma ya riƙe karatun da kyau.

To me ya rage na Yaya Sule bayan shekara goma sha biyu? Ba titi da sunansa, ba unguwa. Littafinsa gara ta ci rabi. Abin da ya rage shi ne ya faɗi gaskiya game da ƙasar nan, kuma gaskiyar tana nan daram ko mun karɓa ko mun ƙi. Duk inda ya ce ruwa zai bi, can yake bi, yana shiga falon mutane yana fita ta madafa. Ina roƙon duk wanda ke da ta cewa a kan filayen garin nan, da duk uban da ɗansa zai zo masa da zancen gini, ya je ya tsaya a wurin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kafin ya buɗe baki. Ni ban yi ba, kuma ba ni ne ke kwana a gidan ba.

Shekaranjiya wajen tsakar rana Hauwa ta yi sallama a ƙofar gidana, goye da autarta, ƙafafunta duk laka. Ta miƙo mini ƙunshi a cikin leda: takardun makarantar mijinta, takardun haihuwar yara, da katin asibiti. Ta ce, "Baffa, a ajiye mana waɗannan a wuri mai tsawo. Don Allah kada ka gaya masa na kawo." Na ce ta zauna, ta bar mini ko da yarinyar ce. Ta ce ba za ta iya ba, ta bar tukunya a wuta, manyan kuma sun kusa tasowa daga makaranta. Na raka ta har bakin titi, na tsaya ina kallonta tana gangarawa, hadari yana haɗuwa ta gabas.

Takardun suna saman kabad ɗina, a bushe. Yaran uku suna can.