Ranar da Inna ta rabar da fizarmu

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, mahaifiyata ta daina cin abinci. Ba wai ta buɗe baki ta ce ta daina ba. In an kai mata sai ta ce alhamdu lillahi, ta jawo kwanon, ta ɗan taɓa gefensa, ta rufe ta tura ƙarƙashin gado. Da farko mun ce takaba ce, in ta fita za ta ware. Ta fita takaba, ta ajiye farin tob ɗinta, wato mayafin lulluɓi, amma kwano bai fasa dawowa yadda ya tafi ba.

A lokacin na ɗauko ta daga Gedambaliya na dawo da ita gidana a Gadarif. 'Yan'uwana maza sun ba da gonar haya, gidan can kuma an sa masa kwaɗo. Na gyara mata ɗakin da ya fi kowanne iska, na hana ta taɓa ko tsintsiya. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a bakin murhu tana tuƙa wa ma'aikatan gona tuwo, na ce ai yanzu lokacin hutunta ne. Kullum kafin in tafi makarantar da nake koyarwa sai na shirya mata abincinta ita kaɗai, in kai mata har gado, in ja mata ƙofa don kada hayaniya ta dame ta.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi kisra, waina mai faɗi ta dawa, mai laushi, na yi tuwon asida da miyar busasshiyar kuɓewa irin wadda take so, na dama kunu, na gasa hanta. Awarwaronta da a da sai da sabulu ake cire su suka fara zamewa har gwiwar hannu. Da na kai ta wurin likita, ya duba ta sama da ƙasa, ya ja ni gefe ya ce, "Hajja ba ta da wani ciwo. Lakin in ta ci gaba haka, dole mu kwantar da ita mu sa mata ruwa." Na ji tsoro ƙwarai, don na san halinta. In aka kwantar da Inna a gadon asibiti, ba na jin za ta yarda ta sake tashi.

To ni duk wanda ya san ni ya san ba a ce mini a'a in koma in zauna. Taurin kan nan kuwa a nononta na sha shi. Sai na zauna na yi tunanina irin na malaman makaranta, na fito da bayani mai kyau: duk abincin da nake ba ta, abincin da ta ci da Baba ne, shi ya sa yake tsaya mata a wuya. Abin da take buƙata shi ne abincin da ba ta taɓa gani ba, wanda babu Baba a cikinsa. Na ji daɗin wannan tunani har na yaba wa kaina.

A bayan unguwarmu akwai wani ɗan gidan abinci da kowa ke ce wa na Taliyani. Mai shi wani dattijo ne ɗan Eritiriya, a Asmara ya koyi girkin mutanen Italiya, ita Italiyar kuwa ko a mafarki bai taɓa zuwa ba. Tebura ne kaɗan na roba da jan ƙyalle a kai, da tanda ta jan bulo a lungu, sai fanka guda mai ƙara. Fiza yake gasawa, yana kuma dafa taliya da niƙaƙƙen nama. In ya buɗe tandar nan da la'asar, ƙamshin burodi da tumatir da cuku har bakin titi.

Da na faɗa wa maigidana shawarata, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Matar da ta ƙi asidar da ta tashi da ita, ita za ki kai wa bitza? Tayyib, Allah ya ba da sa'a." Na ce amin, kuma zai gani.

Inna kuwa ko dariyar ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ni? In zauna a mat'am da furfurata mutane suna kallon bakina? Ke yarinyar nan ba ki san aibi ba?" A wurinsu mace mai mutunci ba ta cin abinci a kasuwa, ko da yunwa za ta kayar da ita. Na ce a sayo a kawo gida ba zai yi ba, da zafinsa ake ci. Ta juya mini baya. Washegari na sake tayar da maganar, ta ce halas, kada in ƙara. Na ƙara. Haka muka yi ta yi, ni da ita, kowa ya kafe.

Ranar wata Alhamis da na dawo daga makaranta, ban nemi shawararta ba. Na tsayar da mai raksha, keke mai ƙafa uku, a ƙofar gida, na shiga na ɗauko mata tob ɗinta mai ruwan toka na ajiye a gefen gado, na ce, "Inna, mai raksha yana waje."

"Ki sallame shi."

"Na ce masa kada ya motsa sai kin fito. Yana nan cikin rana."

Ta ɗago kai da sauri. "A rana? An ba shi ruwa?"

Na ce ba a ba shi ba. Ta ce ni dai ban da tarbiyya, ta miƙe tana dafa bango, ta yafa tob, ta ɗebo ruwa daga randa ta fita da kanta ta miƙa masa. Yana gama sha na riƙe hannunta na ce tunda an fito ai an fito. Ta harare ni, amma ta shiga.

Mun samu wurin ba cika. Wani mutum yana zaune shi kaɗai kusa da ƙofa, da ganinsa direban babbar mota ne, yana jiran nasa abincin da kofin ruwa a gabansa. Can gefe kuma 'yan mata biyu ne da littattafansu, su ma suna jira. Mai Taliyani ya taso da kansa yana "Marhab ya Hajja, marhab," ya goge mata kujera. Ta zauna a bakin kujerar, ta ja tob ta rufe rabin fuska. Na ce a gasa mana babba, mai nama da barkono.

Da aka kawo, an yayyanka ta, tana tururi, an haɗo wa kowa farantinsa da wuƙa da cokali mai yatsu. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan ai gurasa ce aka zuba wa miya aka manta da ita a wuta." Na ce ko ma mene ne ta ɗanɗana. Na ɗora mata yanka ɗaya a faranti, na tura gabanta.

Ba ta ko kalli farantin ba. Direban nan take kallo. Sai na ji ta ɗaga murya, muryar da na yi watanni ban ji ba, ta ce, "Itfaddal, ɗana. Bismillah."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya yi albarka, Hajja, nawa yana zuwa." A ko'ina nan maganar take ƙarewa, an yi tayi an gode. Ban da wurin Inna. Ta ƙara yanka a kan wanda na sa mata, ta miƙo mini farantin ta ce in kai masa.

Na yi ƙasa da murya na ce, "Inna, alek Allah, nan mat'am ne. Kowa nasa yana zuwa."

"Nasa yana zuwa, namu ya zo. Tashi."

Na tashi. Ni malama guda, a unguwar da iyayen ɗalibaina suke wucewa, ina yawo da faranti tsakanin tebura. Ina dawowa ta riga ta cika nawa farantin, wai na 'yan matan can ne, ba na ganin yadda suka bushe da karatu? Na kai. Ta ce mai raksha fa, yana waje? Na kai masa a takarda. Ta ce shi wannan bawan Allah da yake tsaye gaban wuta tun ɗazu, wa ya ce ya ci? Mai Taliyani ya yi ta rantsuwa cewa shi ya gasa, ta ce ai shi ya sa, mai girki ne yake kwana da yunwa. Ya karɓa da hannu biyu yana dariya.

Na zauna na dubi tiren. Babu komai sai ɓurɓushi da zaitun guda. Duk wahalar da na sha, duk rigimar kwanakin nan, ko loma ɗaya ba ta kai bakinta ba. Haushi ya kama ni, hawaye suka cika mini ido, na tuna maganar likita. Amma na ce a raina wallahi ba za mu bar wurin nan ba. Ko tandar gaba ɗaya za ta rabar, zan ce a sake hura wuta. Na ɗaga hannu na ce a gasa wata.

Ba a kai ga kawo ta biyun ba aka sauke wa direba taliyarsa. Sai na ga ya jawo farantinmu da na kai masa, ya juye rabin taliyar a ciki, ya taso ya ajiye a gaban Inna. Ya ce, "Hajja, faranti ba ya komawa haka." Haka muke yi a gidajenmu, in maƙwabta sun aiko da abinci ba a mayar da kwanonsu wayam, amma ban taɓa zaton zan ga an yi shi a gidan sayar da abinci ba. 'Yan matan da suka ga haka, su ma suka zubo soyayyen dankalinsu a ɗaya farantin suka kawo suna jin kunya. Inna ta kama hannun ɗaya ta ce ina za su? Su jawo kujeru. Suka zauna.

Ta ture wuƙa da cokali gefe, ta ce a kawo mata ruwa ta wanke hannu. Ta tambayi direban daga ina, ya ce riɗi ya ɗauko daga Ƙala'at an-Nahal. Ta ce yaya damina ta yi a can bana, ya fara ba ta labari daga teburinsa. Tana saurare, tana tura wa 'yan matan abinci tana "ku ci, ku ci, wannan ci ne?" Ina kallo hannunta ya shiga farantin taliya, ya dunƙula, ya tafi baki. Ban motsa ba. Ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba, don kada ta tuna ina wurin. Ta sake kai hannu. Da fiza ta biyu ta iso, ita ta raba wa kowa, sannan ta ɗauki yanka ɗaya ta gatsa. Cukun ya biyo bakinta yana miƙewa ya ƙi tsinkewa, 'yan matan suka fashe da dariya, ita ma ta yi. Ta cinye yankan tas, ta kira mai Taliyani ta ce masa abinsa kwayyis ne, ya yi daɗi, amma gishiri ya yi kaɗan.

A cikin raksha muna komawa, ina ta jin kaina, na ce, "Kin gani ko, Inna? Na ce miki sabon abinci ne maganin."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Wane sabon abinci? Tun ranar da aka kai ni gidan babanki ban taɓa sa hannu a kwano ba sai siniya, tiren abinci, ta fita. Ta fita zaure, ta fita gona wurin ma'aikata, ta shiga maƙwabta. Sai na ji an ce an ƙoshi, sannan abinci yake wuce mini. Ke kuwa kin kawo mini kwano ɗaya da cokali ɗaya, kin ja ƙofa kin ce in huta. Wa zan ce wa bismillah?"

Na juya fuska waje ina kallon shaguna, mai raksha ya yi kamar bai ji ba.

Washegari Juma'a na miƙa mata muciya. Ta tuƙa asidar da ta fi ƙarfin gidanmu nesa ba kusa ba, siniya ta shiga maƙwabta dama da hagu, ta kuma sa maigidana, mai dariyar nan, ya ɗauki kwano ya kai wa mai Taliyani don ya ji yadda ake sa gishiri. Sai da ya dawo ya ce an karɓa an gode, sannan ta zauna a tsakar gida tare da mu ta ci. Maganar asibiti ba ta sake tasowa ba. Ta yi shekaru tare da mu bayan haka, tana girki tana faɗa, kafin Allah ya karɓi abarsa.

Har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya, ni da bayanina na malamai. Taurin kaina ya fitar da ita daga ɗaki, wannan kam ba zan ƙi karɓar yabonsa ba, amma abin da ya buɗe mata baki ban san shi ba sai da ta faɗa mini. Na zaci ƙauna ita ce in ɗauke mata komai, ashe har da abin da yake riƙe da ita na ɗauke. Yanzu in na ji an ce wani tsoho ya ƙi abinci, ba na fara tambayar me aka dafa masa. Tambaya nake da wa yake ci.

Ina zuwa wurin Taliyani lokaci-lokaci, yawanci ni kaɗai in an tashi daga makaranta. Dattijon ya ƙara tsufa, fankar ma tana nan da ƙararta. Ban taɓa roƙonsa ba, amma duk ranar da na zauna, faranti biyu yake ajiye mini. Ɗaya nawa, ɗaya kuma ya ɗan tura shi gefe ya ce, "Na Hajja." Ni kuma sai in ɗaga kai in duba wa yake jira.